Bututun Hayaƙi Mai Rahusa a Ƙauyukan Hausawan Dindir: Nazarin Zaɓi da Haɗurransa

Tsakure

Maƙalar ta auna hanyoyi uku na fitar da hayaƙin itace daga ɗaki, ta fuskar kuɗi da lafiya da haɗarin gobara. Ta nuna cewa bututun jan bulo da aka gina a bayan bango shi ya fi dacewa da gidajen yankin.

Gabatarwa

Hausawa da Fulani sun kafa Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu a Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903, ƙauyukansu kuma sun bazu har Dindir da Jazira. Da itace da gawayi ake girki, da su ake jin ɗumi daga Disamba zuwa Fabrairu, yaƙin da ya ɓarke a ƙasar a Afrilun 2023 kuma ya ƙara wa iskar gas wuyar samu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta kashe kimanin mutum miliyan 3.2 a 2020. Mata da goyonsu su suka fi shaƙar wannan hayaƙi.

Hanyar Nazari

An dogara da binciken da aka riga aka wallafa, aka gwama shi da fasalin ginin yankin: bangon laka, jinkar ciyawa, da baƙar ƙasa mai tsagewa da rani.

Sakamako

Kafar hayaƙi a saman bango ba ta cin kuɗi, sai dai iska kan mai da hayaƙin ɗaki. Bututun kwano na da saurin kafawa, amma yana zafi matuƙa, tsatsa na cin sa, ratsa jinka da shi kuwa gayyatar gobara ce. Bututun jan bulo, wanda ake gasawa a gaɓar kogin, yana riƙe ɗumi, don haka ya fi jan hayaƙi, kunkunniya ba ta saurin taruwa. Sharaɗinsa huɗu: harsashi mai zurfi saboda motsin ƙasa, hayaƙin ya fita ta bango, tsawonsa ya zarce rufi da kusan mita guda, sannan a rufe bakinsa da ragar ƙarfe mai tare tartsatsi.

Gwajin da aka yi a Gwatamala, wanda mujallar Lancet ta buga a 2011, ya nuna murhu mai bututu ya rage hayaƙin da yara ke shaƙa da kusan rabi, ya kuma rage nimoniya mai tsanani da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ragi ne babba, amma hayaƙin da ya fita yakan zagayo tsakar gida.

Kammalawa

Bututu shi kaɗai bai wadatar ba. Wajibi ne a ƙona busasshen itace, a riƙa kankare kunkunniya, kada kuma a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, domin iskarsa mai kisa ba ta da wari. Horar da maginan ƙauye kan waɗannan sharuɗɗa huɗu shi ne matakin farko da ya kamata hukumomin jihar Sinnar su ɗauka.