Ƙuma

ƙuma (suna, namiji): Ƙaramin ƙwaro ne marar fiffike mai yawan tsalle, wanda ke rayuwa cikin gashin kare yana shan jininsa, har ya jawo ƙaiƙayi da zubewar gashi, kuma yakan yaɗa tsila, wato doguwar tsutsar hanji. Macensa takan yi ƙwai har 50 a rana, waɗanda ke zuba a makwancin kare da ƙasar tsakar gida, shi ya sa wanka kaɗai ba ya kawar da shi. A Bauchi, inda ake ajiye karnuka don gadi da farauta, yakan ƙaru da damina. Likitocin dabbobi sukan ɗiga maganin fipronil a ƙeyar kare duk wata, a wanke shimfiɗarsa da ruwan zafi. Shafa masa maganin feshin gona kuwa ganganci ne da kan kashe karen.