Zanzana da Lamba

Takardar neman gurbin digirin digirgir a fannin nazarin yaɗuwar cututtuka da kiwon lafiyar al'umma ta buƙaci in bayyana, cikin shafi biyu, abin da ya ja ni zuwa wannan fanni. Na yi mako uku ina rubutawa ina gogewa. Duk abin da na rubuta sai ya fito kamar wa'azi, har ranar da na tuna fuskar kakata. Zanzana ce ta cika ta tun daga goshi har haɓa, kuma idonta na hagu a mace yake. Agana ce ta kama ta tana yarinya. Ita ba ta kiran cutar da sunanta, sai dai ta ce 'yan rani, domin da rani take sauka gari. Mahaifiyata kuwa fuskarta sumul, sai wani ɗan tabo zagayayye a damtsenta, wanda ake kira lamba. Na gane cewa tsakanin fuskar uwa da damtsen ɗiya akwai tarihin da ya kamata in fara sani kafin in ce zan karanci annoba.

A shekarar 1967, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gagarumin yaƙi da agana, ana ƙiyasta cewa cutar tana kama mutum miliyan goma zuwa sha biyar a shekara, tana kashe kimanin miliyan biyu. Abin mamaki shi ne rigakafinta ya daɗe a hannu, tun da Edward Jenner ya gwada shi a Ingila a 1796. Shekara ɗari da saba'in ke nan ana da makami, ba a ci yaƙi ba. Shirin da aka zana mai sauƙin faɗa ne: a yi wa kashi 80 cikin ɗari na jama'ar kowace ƙasa lamba. A Afirka ta Yamma da ta Tsakiya aka haɗa ƙasashe 20, aka kawo wata bindigar allura da ake takawa da ƙafa, wadda kan yi wa ɗaruruwan mutane cikin awa guda. Da ita aka yi wa mahaifiyata a ƙofar gidan dagaci.

Amma dabarar da ta karya lagon cutar ba daga ofis ta fito ba. Rashi ne ya haife ta. A watan Disamba na 1966, wani likita ɗan Amurka, William Foege, yana aiki a yankin Ogoja da ke gabashin Nijeriya, sai labari ya zo cewa agana ta ɓulla a wani ƙauye. Allurar da ke hannunsu ba za ta ishi kowa ba. Sai ya yi amfani da rediyon da 'yan mishan ke magana da juna, ya roƙe su su aika mutane ƙauye-ƙauye su gano inda duk mai ciwon yake. Da rahotanni suka dawo, aka zana su a taswira. Aka yi wa iyalan marasa lafiya da maƙwabtansu lamba, sannan aka tambayi kai: ina mutanen nan ke zuwa cin kasuwa, ina danginsu suke? Can aka kai ragowar allurar, aka tare cutar tun kafin ta iso. Annobar ta mutu alhali ko rabin jama'a ba a yi wa lamba ba.

Hikimar a bayyane take idan an san halin cutar. Agana ba ta da maɓoya a jikin dabba, daga mutum sai mutum. Ba ta kuma iya ɓoye kanta, domin duk wanda ta kama sai ta rubuta sunanta a fuskarsa, har yaron makaranta zai gane ta. Manomi ya san wannan: idan gobara ta kama daji, ba dukan dajin ake jiƙawa ba, share ciyawa ake yi a gabanta. Wannan dabara ta bincike da killacewa ta bazu, kuma zuwa 1970 an ga mai agana na ƙarshe a Afirka ta Yamma, a nan Nijeriya, duk da yaƙin basasar da ya ratsa tsakani. Na ƙarshe a duniya da ya kamu ta hanyar yaɗuwa irin ta al'ada shi ne Ali Maow Maalin, mai dafa abinci a asibitin garin Marka na Somaliya, a Oktoban 1977. A 1980 aka yi shelar cewa agana ta ƙare.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya duk lokacin da na karanta wannan tarihi. Sunan Foege yana cikin littattafai, kuma ya cancanta. To, su wa suka taka sayyada daga ƙauye zuwa ƙauye suna ƙirga marasa lafiya? Duba-gari, malaman asibiti, masu unguwanni da suka lallashi magidanta su buɗe ƙofa: galibinsu alƙaluma suka zama a cikin rahoto, ba sunaye ba. Alhali aikinsu shi ne ainihin ilimin da nake neman karantawa. An sake ganin haka a 2014, lokacin da Ebola ta shigo Legas. Dakta Ameyo Adadevoh ta hana majinyacin farko barin asibiti, ta kuma rasa ranta a dalilin haka. Bayanta jami'ai suka bi sawun mutum kusan 900 gida-gida, cutar ta tsaya a kan mutum 20, takwas suka rasu.

A ƙarshe na rubuta a takardar cewa ina son in yi bincike kan yadda labarin ɓullar cuta ke tafiya daga bakin mai unguwa zuwa teburin jami'in lafiya na jiha, da kwana nawa yake ɗauka, da inda yake maƙalewa. Sankarau ce zan auna da ita, tunda ita ma da rani take zuwa mana. Kafin in aika, na tambayi mahaifiyata ko ta tuna mutumin da ya yi mata lamba. Ta ce dogo ne, da jar dara, kuma ya ba ta alewa don ta daina kuka. Sunansa kam ba ta taɓa ji ba.