Ma'aunin zaiba da shekaru tara na Minamata

A ranar 1 ga Mayu, 1956, likitan asibitin kamfanin Chisso, Hajime Hosokawa, ya sanar da hukumar lafiya ta garin Minamata da ke kudancin Japan ɓullar wata cuta mai taɓa ƙwaƙwalwa. Masunta na rasa ikon gaɓoɓinsu, ganinsu na ƙuntata, kyanwowi na juyi su faɗa teku. Sai a 1959 masu bincike na Jami'ar Kumamoto suka kama bakin zaren: zaiba ce, ƙarfen nan mai gudu kamar ruwa.

Da me suka auna ta? Hanyar zamanin ta launi ce. Akan narkar da gashi, ko naman kifi, ko laka, a cikin asid mai ƙarfi, sannan a girgiza ruwan da wani koren sinadari mai suna ditizon. Idan akwai zaiba, launin yakan koma ruwan goro. Sai a haska shi a na'urar auna haske, gwargwadon hasken da ya shanye gwargwadon zaibar da ke ciki. Aiki ne mai son haƙuri, domin tagulla ma tana sauya launin ditizon, kuma zaiba kan tsere a tururi idan zafi ya yi yawa.

Duk da haka alƙaluman ba su bar shakka ba. A lakar bakin magudanar masana'antar an sami kimanin kilo 2 na zaiba a kowane tan. A gashin wani majinyaci an sami kashi 705 cikin miliyan, alhali matsakaicin na mutanen wasu yankuna kashi 4 ne.

To amma ma'aunin yana da gurbi, kuma ta nan kamfanin ya kuɓuce. Asid ɗin da ke narkar da samfur yana rusa siffar da zaibar take ciki, don haka jimilla kawai ake gani. Masu bincike sun ce nau'in da ya haɗu da kabon ne ke kashe mutane. Chisso ya amsa cewa shi da zaiba marar kabon yake aiki, a kawo hujjar yadda ta rikiɗe. Ya faɗi haka ne yana sane da cewa a Oktoban 1959 kyanwar da Hosokawa ya ciyar da dagwalon masana'antar ta kamu da cutar. An rufe maganar. A ganina, kamfanin bai buƙaci ƙaryata awon ba, tambayar da awon ba zai iya amsawa ba ta ishe shi.

A 1963 Katsuro Irukayama ya bayyana cewa ya ciro nau'in mai kabon daga lakar masana'antar kanta. Gwamnati ba ta amince a hukumance ba sai Satumban 1968, watanni bayan an daina sarrafa sinadarin da ke haifar da gubar. A tsakanin nan cutar ta sake ɓulla a Niigata, a 1965.

A 1968 ɗin ne kuma Hatch da Ott a Kanada suka wallafa hanyar da ta ture ditizon. Akan zuba gishirin kuza a samfur, zaibar ta tashi tururi ba tare da wuta ba, iska ta kora ta cikin bututu, a auna yadda take shan haske mai tsawon zango nanomita 253.7. Ta fi sauri, tana kuma gano ɗigon da ido ba zai ga launinsa ba. Ita ma jimilla take bayarwa; mai son sanin nau'i sai ya fara rarrabe samfurin, kamar yadda Gunnel Westöö ta tsara don kifi a Suwidin a 1966.