Daga Akori-kura zuwa Sitiyarin Lantarki: Kanikanci a Bakin Iyakar Illela

Duk wanda ya tuƙa akori-kura, wato Peugeot 404 mai buɗaɗɗen baya, ya san cewa juya sitiyarinta a tsaye, an shaƙe ta da buhunan albasa, aikin damtse ne. A shekarun 1970, lokacin da irinta da Land Rover ke zirga-zirga tsakanin Sakkwato, Illela da Birnin Ƙonni, ba a zuwa gareji don sitiyari ya yi nauyi, domin haka aka ƙera shi. In nauyin ya wuce kima, bakanike zai duba iskar taya, ya shafa giris a gaɓoɓi, ya sallami direba.

Alhali a Amurka an daɗe da wuce nan. Injiniya Francis Davis ya gwada sitiyari mai aiki da matsin mai tun 1926, kamfanin Chrysler kuma ya fara sayar da shi a motarsa Imperial a 1951. Amma motocin da suka mamaye Arewa bayan buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna a 1975, musamman 504, galibinsu ba su da shi. Direbobi ma ba su damu ba. Abin da suke nema shi ne motar da ta jure rami, wadda kowane bakanike ya san cikinta.

Karyewar naira ce ta canja lamarin. Bayan shirin SAP na gwamnatin Babangida a 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai aka koma kan kwancen Turai da ake kira Beljiyam. A wancan lokacin ana sauke su a tashar ruwa ta Kwatano, a haura da su Gaya, a ratsa Doso, wasu su tsaya a Ƙonni, wasu su zarce Maraɗi. Illela, wadda ke ƙarshen babbar hanyar da ta taso daga Legas, ta kasance ɗaya daga cikin ƙofofin da suke shigowa. Don haka matasan garin da na yankunan kewaye irin su Darna Sabon Gari, Kalmalo da Araba da suka shiga koyon kanikanci suka tarar da injunan da iyayen gidansu ba su taso da su ba: Golf 3, Opel Vectra, Honda Accord, daga baya Peugeot 406 da Sharan.

Waɗannan motoci, masu sitiyari mai aiki da matsin mai, su ne suka kawo sabon ciwo. Direba na cikin tafiya sai sitiyarin da yake juyawa da yatsa biyu ya ƙage. Tsarin ba shi da wuyar ganewa: bel yana juya famfo, famfo yana tura mai ta tiyo zuwa rak, matsin man ne ke taimaka wa hannu. Ko'ina aka samu cikas a wannan layi, nauyi ya dawo, kuma ya fi na akori-kura, tunda direba yanzu yana kokawa da taya da kuma man da ya maƙale a rak.

A nan ne kunne ya zama jarin bakanike. Gwani ba ya fara da sifana. Zai buɗe murfin tulun mai ya duba: in ya ragu, akwai yoyo, in ya yi kumfa, iska ta shiga, in ya yi baƙi yana warin ƙuna, ya gama aiki. Sai ya sa a tayar da inji a murɗa sitiyari zuwa ƙarshe. Ƙara mai tsini alamar bel ya saki ne ko ya cinye. Gurnani mai tashi da sauka tare da totur, famfo ne ke neman mai. Idan kuma nauyin na gefe ɗaya ne, ko robar da ke rufe bakin rak ta jiƙe, to matsalar ta sauka ƙasa, kuɗin ma ya hau. Bayan gyara ana ɗage gaban motar, a yi ta juya sitiyari dama da hagu har iskar ta fita.

Yanayin wurin ba ya taimakawa. Zafin Afrilu yana busar da roba, ƙurar hunturu kuma da zarar ta sami yagaggiyar roba sai ta shiga ta cinye sil. Sauran ɓarnar ta mutane ce: direban da ke zuba baƙin mai ko man birki a tulun sitiyari don ya kai kasuwar Lahadi ya sayi wa kansa famfo ne bai sani ba, kuma akwai kanikawan da ke kallo su yi shiru.

Zango na uku ya zo da lantarki. Suzuki ce ta fara sa shi a ƙaramar motarta Cervo a 1988, Golf 5 ta fito da shi a 2003, Corolla ma tana da shi. Babu famfo, babu mai, babu tiyo; ɗan injin lantarki ne da na'urar da ke auna ƙarfin hannun direba. Idan fitilar sitiyari ta kama, sau da yawa laifin batir ne da ya yi sanyi, ko caji da ba ya kaiwa, ko fiyus da ya ƙone. Aikin sai ya bar hannun bakanike ya koma wurin mai wayarin da mai kwamfutar duba mota.

Siyasar iyaka kuma ta rage gudun sauyin. An hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017, an rufe iyaka a Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 zuwa Maris ɗin 2024. Tsadar mota ta sa tsofaffin Golf da Sharan na haya ba su yi ritaya ba, shi ya sa cinikin famfon kwance da tiyo ke ci har yau, yaron gareji kuma dole ya koyi tsarin biyu a lokaci guda.