Shekaru Goma na Edmonton: Yadda Miƙa Ragama Ya Haifi Kofuna Biyar a Jere

Tsakanin 1973 da 1982, ƙungiyar birnin Edmonton da ke lardin Alberta ta kai wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Kanada sau tara cikin kakar wasa goma. Ta ɗauki kofin sau shida, biyar daga ciki a jere, daga 1978 zuwa 1982. Har yau babu ƙungiyar da ta sake yin haka. A lokacin ana kiranta Eskimos, sunan da ta ajiye a 2020 saboda ƙorafin da aka daɗe ana yi cewa yana ƙasƙantar da al'ummar Inuwit. Tun 2021 sunanta Elks.

Wasan da ake magana a kai ɗan'uwan zari-ruga ne, kuma ya yi kama da ƙwallon Amurka, sai dai yana da dokokinsa. Kowane ɓangare na da 'yan wasa 12, tsawon fili yadi 110 ne, faɗinsa yadi 65, kuma masu kai hari suna da dama uku kacal su ci gaba da yadi 10, ba huɗu ba kamar a Amurka. Ƙarancin damar da faɗin filin sun sa jifan ƙwallo ya fi gudu da ita muhimmanci. Saboda haka nauyin ƙungiya yana kan ɗan wasa guda, wanda ake kira kwatabak, wato madugun da ke tsara hari yana jefa wa abokansa ƙwallo. Abin da ake takara a kansa shi ne Kofin Grey, wanda Gwamna Janar Earl Grey ya bayar a 1909.

Shekarun farko sun fi yawan ɗaci. A ƙarƙashin koci Ray Jauch, Edmonton ta sha kashi a hannun Ottawa da 22 da 18 a wasan ƙarshe na 1973, sannan Montreal ta doke ta da 20 da 7 a 1974. A 1975, cikin matsanancin sanyin Calgary, ta rama wa Montreal da 9 da 8. Duk makin Edmonton tara daga ƙafar Dave Cutler suka fito, kuma da bugun da Montreal ta yi a dab da tashi bai kauce ba, da kofin ya kuɓuce. Shi ne kofinta na farko tun 1956. A 1976 Saskatchewan ta tare mata hanya a wasan ƙarshe na shiyyar yamma, kuma ita ce kaɗai shekarar da ba ta je neman kofi ba.

A 1977 Hugh Campbell ya karɓi aikin koci, ya kuma kai ƙungiyar wasan ƙarshe a shekararsa ta farko. An yi wasan a filin Olamfik na Montreal a gaban 'yan kallo sama da 68,000, filin kuwa ya daskare da ƙanƙara. 'Yan wasan Montreal suka kafa ƙananan ƙarafan ɗinke takarda a tafin takalmansu don su kama ƙasa, 'yan Edmonton suna ta zamewa. Aka tashi 41 da 6. Shugabannin ƙungiyar ba su rushe tawagar ba, ba su kori kocin ba. Janar manaja Norm Kimball ya riƙe ginshiƙan, ya shiga neman abin da za a ƙara.

Abin da aka ƙara shi ne Warren Moon. A watan Janairun 1978 Moon ya jagoranci Jami'ar Washington ta ci wasan Rose Bowl, aka kuma zaɓe shi gwarzon wasan. Amma shi baƙar fata ne, kuma a wancan zamani ƙungiyoyin NFL na Amurka ba kasafai suke damƙa wa baƙar fata matsayin madugu ba. An ba shi shawarar ya sauya matsayi, ya ƙi. Ya sa hannu da Edmonton tun kafin a yi zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL. A shekarar ce kuma ƙungiyar ta koma sabon filin Commonwealth, wanda aka gina don wasannin ƙasashen Kwamanwel na 1978, wasannin da Najeriya ta ƙaurace wa saboda hulɗar wasanni da New Zealand ke yi da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu.

Matsalar ita ce Edmonton na da madugunta, Tom Wilkinson, gwarzon ɗan wasan gasar na 1974. Irin wannan haɗuwa ta tsohon hannu da matashi mai tashe ta sha raba kan ƙungiyoyi. Campbell bai yi gaggawar zaɓen ɗaya ba. Wilkinson yakan fara wasa, Moon ya karɓa a tsakiya, haka aka ci Montreal da 20 da 13 a 1978, aka sake cin ta da 17 da 9 a 1979. Wilkinson ya riƙa koya wa wanda ya san zai gaje shi sirrin fili mai faɗi. Zuwa 1980 ragamar ta koma hannun Moon, aka lallasa Hamilton da 48 da 10. A bayansu akwai masu tsaron gida irin su Dave Fennell da Dan Kepley, waɗanda suka shekara da shekaru tare. A wancan lokacin kuma ƙungiyar mallakar jama'ar gari ce, babu wani attajiri guda da zai fusata ya watsa ta.

Amfanin wannan zama ya bayyana a 1981. Edmonton ta ci wasa 14, ta faɗi ɗaya, ta yi kunnen doki ɗaya. Ottawa, abokiyar karawarta a wasan ƙarshe, wasa biyar kawai ta ci cikin 16. Duk da haka Ottawa, ƙarƙashin madugunta J.C. Watts wanda daga baya ya zama ɗan majalisar wakilan Amurka, ta yi gaba da 20 da nema. Moon ya rikice, Campbell ya fitar da shi ya sa Wilkinson. Tsohon ya kwantar da hankalin tawagar, aka tafi hutu 20 da 1. Bayan hutu Moon ya dawo ya jagoranci farfaɗowa, kuma saura daƙiƙa uku a tashi Cutler ya buga ƙwallon da ta ba su nasara da 26 da 23. Wannan ne wasan Wilkinson na ƙarshe.

Kakar 1982 ta fara da tangarɗa, domin cikin wasanni takwas na farko uku kawai aka ci. Daga nan ƙungiyar ta ci takwas a jere, Moon ya yi jifan da ya kai yadi 5,000 a kakar, aka rufe da doke Toronto da 32 da 16.

Rugujewar ta zo da sauri. Campbell ya tafi Amurka a 1983, Edmonton ta ci takwas ta faɗi takwas, Winnipeg ta fitar da ita tun a zagayen farko na wasannin neman kofi. A 1984 Moon ya koma Houston Oilers, inda ya sake haɗuwa da Campbell. Wannan karon babu wanda aka yi shekaru ana rainonsa a gefensa kamar yadda Wilkinson ya raine shi, kuma sai a 1987 Edmonton ta sake ɗaukar kofi. Moon kuwa ya shiga zauren gwarazan ƙwallon Kanada a 2001, sannan a 2006 ya zama madugu baƙar fata na farko da aka shigar zauren gwarazan ƙwallon Amurka, ƙasar da ta so ya sauya matsayi shekara 28 kafin nan.