Wiwi a Cikin Tukunya: Tarihin Ganyen da Wuta ke Tasowa

A wajajen shekarar 1378, wani amiri na daular Mamluk a birnin Alƙahira, Sudun al-Shaikhuni, ya ba da umarnin a tuge gonakin hashish, kuma duk wanda aka kama yana amfani da shi a cire masa haƙora. Masanin tarihi al-Maƙrizi ne ya kawo labarin. Ranar da na fara karanta shi abin da ya tsaya mini shi ne haƙoran. Mu da muka tashi muna jin "shan wiwi", hayaƙi muka sani, to ina ruwan haƙori? Ashe a Masar ta wancan zamani ba zuƙa ake yi ba, ci ake yi. Lofe bai yaɗu a ƙasashen Larabawa da Indiya da Turai ba sai da taba ta iso daga nahiyar Amurka. Kafin nan, mafi yawan tarihin wiwi a waɗannan ƙasashe a madafa aka yi shi.

Masu dafawar nan sun san wani abu da ba su da sunansa: ɗanyen ganye, wanda aka tsinko yanzu, ba ya bugarwa sosai. Ibn al-Baiɗar, masanin tsirrai ɗan Andalus da ya rasu a 1248, ya ga tsiron a gonakin Masar, inda ake kiransa ƙinnab hindi. Ya bayyana yadda wasu faƙirai ke dafa ganyen su murtsuke shi da hannu su mulmula, wasu kuma su shanya shi, su gasa, su haɗa da riɗi da sukari. Bai yabi abin ba. Ya ce ya ga waɗanda ya taɓa wa hankali. Malamai ma ba su yi shiru ba. Ibn Taimiyya ya ce haramun ne kamar giya, al-Zarkashi kuma ya rubuta risala sukutum a kan haramcinsa. Amma a bayanin mai tsirrai akwai abin lura: ko ta wace hanya aka bi, wuta na ciki.

Indiya ta fi kowa daɗewa a wannan harka. Can ana niƙa ganyen a dama da madara da kayan ƙamshi, a kira shi bhang, kuma har gobe ana shan sa a bikin Holi da na Shivaratri. Garcia da Orta, likita ɗan Fotugal da ya zauna a Goa, ya yi bayaninsa a littafinsa na 1563. A 1839 kuma wani likita ɗan Ireland da ke aiki a Kalkata, William O'Shaughnessy, ya rubuta yadda ake haɗa alewar da ake kira majun: a dafa ganye da man shanu, a yar da tukar, a riƙe man. Kalmar daga Larabci take, ma'ajun, wato abin da aka kwaɓa, kuma da wannan suna aka san alewar tun daga Indiya har Maroko. Mutanen da ba su taɓa ganin ɗakin gwaje-gwaje ba sun gano abu biyu: zafi na ƙara wa ganyen ƙarfi, kuma ƙarfin a cikin mai yake narkewa, ba a ruwa ba.

O'Shaughnessy ne ya shigar da wiwi cikin magungunan Turawa. Ya gwada shi a kan masu ciwon gaɓoɓi da masu sandarewar jiki, daga nan aka shiga sayar da ruwansa a kwalba a Ingila da Amurka. A Faransa kuwa wani likitan ƙwaƙwalwa, Jacques-Joseph Moreau, ya dawo daga tafiye-tafiyensa a Gabas da wani koren kwaɓi mai suna dawamesk. Ya fitar da littafi a 1845, yana ganin mayen hashish zai nuna masa yadda hauka ke kamawa. A wani tsohon gida a tsibirin Saint-Louis, tsakiyar birnin Paris, marubuta irin su Théophile Gautier da Charles Baudelaire suka riƙa taruwa ana miƙa musu kwaɓin a cokali. Baudelaire, a littafinsa na 1860, bai fito yana yabo ba. Ya ga abin yana cinye wa mutum ƙarfin niyya.

Abin da ya gagari likitocin ƙarni na 19 shi ne awo. Kwalba ɗaya ba ta yin komai, wata daga kanti ɗaya ta kwantar da mutum yini guda. Ba su san sinadarin da ke aiki ba, balle su san shekarun ganye da yadda aka shanya shi da zafin da ya sha duk suna canza ƙarfinsa. Da aka samu asfirin da magungunan da ake iya aunawa daidai, sai aka ture shi gefe. An cire shi daga kundin magunguna na Birtaniya a 1932, na Amurka a 1942.

Akwai wani abin dariya a tsakani. A 1954 wata Ba'amurkiya mazauniyar Paris, Alice B. Toklas, ta fitar da littafin girke-girke. Wani abokinta, Brion Gysin, wanda ke zaune a Tanja ta Maroko, ya aiko mata da haɗin alewar hashish, ta saka. Masu buga littafin a Amurka suka cire shafin, na Ingila suka bar shi. Sunanta ya zama inkiyar kek mai wiwi, musamman bayan wani fim na 1968 mai ɗauke da sunan nata. Alhali haɗin da ke littafin ba kek ba ne, ko tanda ba a sa shi. Ɗan'uwan majun ne na dabino da ɓaure da gyaɗa.

Bayanin kimiyya ya zo a makare ƙwarai. Mofin an ware shi daga ofiyom tun farkon ƙarni na 19, amma sai a 1964 Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni, a cibiyar Weizmann ta Isra'ila, suka ware THC suka fayyace siffarsa, da hashish kilo 5 da Mechoulam ya karɓo daga hannun 'yan sanda. Shekara guda bayan haka, a 1965, Friedhelm Korte da abokan aikinsa a Jamus suka bayyana THCA. Nan aka gane cewa tsiron ba THC yake ƙerawa kai tsaye ba. Yana ƙera THCA ne, wanda ke ɗauke da wani ƙarin reshe da ke hana shi zama daidai a makamarsa a ƙwaƙwalwa. Zafi ke karya reshen ya fice a matsayin iskar kabon, nauyin ƙwayar ya ragu da kusan kashi 12 cikin 100, abin da ya saura shi ke bugarwa. Ni da aikina rubuta manhaja ne, sai nake ganin sa kamar layin umarni da aka sa wa alamar "kar a karanta": yana nan cikakke, ba ya gudana, har ranar da wani ya goge alamar. Mai zuƙa yana goge ta a ƙiftawar ido da ashana. Faƙirin Alƙahira da mai majun na Kalkata a kan murhu suke goge ta.

Sai dai sanin dalili bai warware matsalar da ta kori wiwi daga kantin magani ba. Abin da aka zuƙa yana bi ta huhu ya kai ƙwaƙwalwa cikin mintuna. Abin da aka haɗiye sai ya bi ta hanji ya shiga hanta, ita kuma ta juya wani kasonsa zuwa wani sinadari, 11-hydroxy-THC, mai ƙarfin gaske. Kafin a ji komai ana iya ɗaukar rabin awa zuwa awa biyu, in ya kama kuma ya daɗe bai saki ba. A wannan tazarar mutum ke cewa bai ji komai ba, ya ƙara.

Jihar Colorado ta Amurka ta fara sayar da wiwi ga manya bisa doka ranar 1 ga Janairu 2014. A watan Maris na shekarar, wani ɗalibi ɗan shekara 19 ya ci gutsuren biskit a Denver, ya jira bai ji komai ba, ya cinye sauran, wanda aka ƙiyasta rabon mutum shida da rabi ne. Bayan 'yan awanni ya faɗo daga benen otal ya mutu. Jihar ta tsaurara doka: kowane rabo kada ya wuce miligiram 10, kuma a raba shi yadda ido zai gani. Yara ƙanana kuwa ba sa karanta kwali. Wani bincike da mujallar Pediatrics ta buga a 2023 ya nuna rahoton yara 'yan ƙasa da shekara 6 da suka ci irin wannan alewa a Amurka ya tashi daga 207 a 2017 zuwa 3,054 a 2021.

A Najeriya wiwi haramtacce ne: dokar soja ta 1966 ta tanadi hukuncin kisa ga mai noma shi, daga baya kuma aka kafa NDLEA a 1989. Duk da haka binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta masu amfani da shi a ƙasar sun kai miliyan 10.6. A 'yan shekarun nan hukumar ta sha sanar da kama masu sayar da kek da biskit da aka kwaɓa da wiwi, ana tallarsu a Instagram, ana kai wa har gida a babur. Babu miligiram a jikin ledar, babu hayaƙi, babu warin da zai sa uwa ta leƙo ɗaki ta ce me ake ƙonawa.