Sewell: Garin Matakala Da Leburori Suka Gina A Kan Dutse

Yau tafiyar tamu mai nisa ce, sai mun dangana da ƙasar Chile a Kudancin Amurka. Kwanakin baya wani taron matasa ya kai ni can, da aka tashi sai muka ware rana guda muka je wani tsohon garin masu haƙar ma'adinai da ake kira Sewell. Har yau abin da na gani bai bar raina ba.

Garin yana cikin tsaunukan Andes, sama da mita 2,000 daga doron teku, kimanin kilomita 60 gabas da birnin Rancagua. Ba a zuwa kai tsaye yadda mutum ya ga dama, sai da masu jagora da aka ba izini, domin mahaƙar da ke wurin, El Teniente, har gobe tana aiki. Ita ce mahaƙar jan ƙarfe ta ƙarƙashin ƙasa mafi girma a duniya.

Kana sauka daga mota abin da zai fara ba ka mamaki shi ne babu titi a cikin garin. Gangaren ya yi tsanani, mota ba za ta iya ba. Sai wata ƙatuwar matakala da ta ratsa tsakiyar gari tun daga inda tashar jirgin ƙasa take, ƙananan matakalu kuma suna fita daga jikinta hagu da dama. Shi ya sa ake masa kirari da garin matakala. Gidajen katako ne masu hawa-hawa, wannan ja, wancan kore, na gaba shuɗi ko rawaya. Ga coci, ga asibiti, ga zauren wasanni, ga tsohuwar makarantar koyon sana'a da yanzu ta zama gidan tarihi. Wallahi sai ka ɗauka mutanen garin fita suka yi yanzu za su dawo.

Wani kamfanin Amurka ne, Braden Copper, ya kafa garin a 1905. A 1911 jirgin ƙasa ya fara hawowa daga Rancagua. A shekarun 1960 mazauna garin sun kai wajen 15,000, a kan dutsen da ko bishiya ba ta tsirowa, ga dusar ƙanƙara duk lokacin sanyi.

To amma kyan fenti ba shi ne duka labarin ba. Garin kamfani ne, komai na kamfani: gidan da kake kwana, kantin da kake sayayya, dokar da kake bi. An kasa mutane aji-aji. Manyan ma'aikata, yawancinsu Amurkawa, suna da unguwarsu daban, kowa da gidansa da iyalinsa. Leburori 'yan ƙasa kuwa suna cikin dogayen gine-gine na haɗaka, ana raba makewayi. An haramta giya a garin, sai aka samu masu fasa-ƙwauri suna ketowa ta cikin duwatsu da ita a ƙafa. Kuma in aikinka ya ƙare, zamanka ya ƙare.

Sai ranar 19 ga Yuni, 1945. Gobara ta tashi a wata maƙera kusa da ɗaya daga cikin ƙofofin mahaƙar. Wutar ba ta yi wata babbar ɓarna ba, amma hayaƙinta mai guba ya bi ramukan ya tarar da mutane a bakin aiki. Mutum 355 suka rasu. Ku tsaya ku ji adadin nan da kyau: 355, a rana ɗaya, a gari ɗaya. Sai bayan haka kamfanin ya ɗauki batun kare lafiyar ma'aikata da gaske. An gina wa matan mamatan gidaje a Rancagua, unguwar da mutane suka riƙa kira unguwar zawarawa.

A 1967 gwamnatin Chile ta sayi kashi 51 cikin 100 na mahaƙar, a 1971 kuma, zamanin Shugaba Salvador Allende, ta karɓe ta gaba ɗaya. A tsakanin nan aka fara kwashe iyalai zuwa Rancagua, saboda ciyar da gari a kan dutse ya fi tsada a kan kawo ma'aikata a bas. Aka shiga rushe gidaje, da yawa suka tafi. Daga baya aka dakatar. A 1998 aka sa garin cikin wuraren tarihi na ƙasa, a 2006 UNESCO ta sa shi cikin jerin kayan tarihi na duniya.

Ina tsaye a kan matakalar nan sai Jos ta faɗo mini a rai. Mu ma fa muna da irin wannan tarihi. Kakanninmu sun bar Kano, Katsina, Sakkwato, Borno sun tafi aikin kuza a Bukuru da Barikin Ladi. Daga 1942 zuwa 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu, Turawan mulki sun ɗebi dubban mutane aikin tilas a can, da yawa sanyi da yunwa da cuta suka kashe su. Yau in ka je me za ka gani? Kududdufai, da tsofaffin injuna suna tsatsa. Matashi nawa ne a cikinmu zai iya nuna inda barikin kakansa yake?

Abin da na koya a Sewell ke nan. Ba don zaman garin ya yi daɗi aka adana shi ba. An adana shi ne don jikan lebura ya samu inda zai tsaya ya ce nan kakana ya kwana, nan ya hau, nan ya shiga bai fito ba. In gini ya tafi, shaida ta tafi, sai labari ya koma hannun wanda ya ci ribar.

Saboda haka ga ɗan aikin da nake roƙonku. In akwai dattijo a gidanku ko unguwarku da ya yi aikin kuza, ko ya ji daga bakin mahaifinsa, ku zauna da shi a makon nan, ku kunna wayarku ku naɗi muryarsa. Ku tambayi sunan barikin, nawa ake biya, wa ya dawo, wa bai dawo ba. Ba sai mun jira UNESCO ba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.